Shin sai da lasisi kafin mutum ya koyar da hawan doki a Saudiyya?

Wani ƙanenmu ɗan Katsina, wanda yake aikin kula da dawaki a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa na iyali, da ke bayan garin Riyad, ya aiko da tambaya mai tsawo, ga taƙaitawarta. Ya ce tun yana ɗan shekara bakwai yake bisa doki, ya yi hawan salla ya fi a ƙirga, ya kuma yi aiki a bargar masu ƙwallon dawaki kafin ya zo ƙasar nan shekara huɗu da suka wuce. Yanzu abokan maigidansa sun fara kawo masa 'ya'yansu ranar Juma'a bayan la'asar domin ya ɗora su, wasu har suna damƙa masa riyal hamsin ko ɗari idan za su tafi, kuma zuciyarsa ta fara raya masa ya mayar da abin sana'a. Yana so ya san ko hukuma tana neman lasisi ga mai koyar da hawan doki, da inda ake samunsa, da kuma ko ƙwarewar da ya taho da ita daga gida za ta isar masa.

Ƙanena, Allah ya sa wa nema albarka. Na shafe shekaru ina koyar da hawa a ƙasar nan, daga baya kuma aka damƙa mini kula da wata makarantar hawa, inda ɗaukar malamai da tattara takardunsu ya zama aikina, saboda haka zan faɗa maka abin yadda yake ko da bai yi maka daɗi ba. Abin da kake kira lasisi ba takarda ɗaya ba ce da za ka je wani ofis ka biya kuɗi a buga maka. Izini uku ne, daga hukumomi daban-daban, kuma sai sun haɗu koyarwarka take halatta a dokar ƙasa: izinin yin wannan aiki a matsayinka na baƙo, izinin wurin da ake koyarwar, da shaidar cewa kai ɗin malami ne. Yawancin 'yan'uwanmu daga na ukun suke fara tambaya, alhali kuwa na farkon ne yake kai mutum tarhil, wato inda ake tsare baƙin da za a kora gida.

Ɗauko iƙamarka, wato katin izinin zamanka a ƙasar, ka duba abin da aka rubuta a gurbin sana'a, wato mihna. Idan an rubuta sayis, wato mai kula da doki, ko ma'aikacin gona, ko makiyayi, ko direban gida, to aikin da ƙasar ta yarda ka yi ke nan, kuma ga wanda ya ɗauke ka kaɗai. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, a sashe na 38, ta hana a sa ma'aikaci wata sana'a da ba ita ce a takardar izininsa ba, ta kuma hana shi ma'aikacin kama wata sana'ar kafin a canza masa bisa ƙa'ida. Sashe na 39 kuma ya hana baƙo yi wa wani aiki ban da wanda ya ɗauke shi, ya kuma hana shi aikin gashin kansa. Hukuncin da hukumar shige da fice, wato Jawazat, take sanarwa ga baƙon da aka kama yana aikin gashin kansa yana farawa ne daga tarar riyal 10,000 da kora, yana hawa idan an maimaita har ya kai riyal 50,000 da ɗaurin wata 6, sannan a kore shi. Wanda ya ƙyale ma'aikacinsa ya yi hakan shi ma yana da nasa hukuncin, don haka maigidanka da yake ganin alheri yake yi maka da ya bar abokansa suna kawo yara, kansa yake sakawa cikin abin da bai auna ba.

Na san za ka ce ai ba farashi ka yanka ba, ihsani ne suke yi maka. A ganina, baƙon maigida ya ga ka riƙe wa ɗansa linzami ya ba ka na shayi, wannan abu ne da ake yi a ko'ina. Amma ranar da ka ce sa'a ɗaya riyal kaza, ka tsara wa kowane yaro lokacinsa, ka fara ɗora hotuna a Snapchat ko Instagram da lambar wayarka a ƙasa, to ka buɗe sana'a, kuma kai da kanka ka tanadar wa mai bincike hujja. Duk wanda ya bi hanyar Sumama da yammacin ƙarshen mako ya ga masu ba da hayar dawaki a bakin titi, yara suna hawa ba hular kwano, motoci da baburan rairayi suna gittawa ta gefensu. Kada ganin yawansu ya sa ka ɗauka an halatta.

Akwai wani abu a dokar ƙwadagon da ya shafe ka kai tsaye, kuma mutane kaɗan ne suke lura da shi. Sashe na 7 ya fitar da wasu rukunoni daga ƙarƙashin dokar, ya bar su ga ƙa'idoji na musamman, daga ciki akwai ma'aikatan gida, da ma'aikatan gona da makiyaya na mutum ɗaya da makamantansu, da 'yan wasa da masu horarwa na kulob-kulob da tarayyoyin wasanni. Da yawa daga cikin masu kula da dawaki a bargar mutum ɗaya da irin waɗannan bizoji suka shigo. Amfanin sanin wannan shi ne, sauƙin da aka kawo a watan Maris na 2021, wanda ya bai wa ma'aikacin kamfani damar komawa wani wurin aiki ta dandalin Qiwa bayan shekara ɗaya ba sai da amincewar kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ba idan sharuɗɗa sun cika, bai haɗa da ma'aikatan gida da makiyaya ba. Idan kana cikin wannan rukuni, to hanyarka ta zama malamin hawa tana bi ne ta kan yardar maigidanka ya sake ka ka koma ƙarƙashin wata makaranta ko kulob, sannan su nemi a canza maka sana'a zuwa mai horarwa. Wannan ya sa nake ce wa matasa su kyautata zama da wanda suke hannunsa, su kuma faɗa masa burinsu tun da wuri, domin sa hannunsa ya fi musu kowace takardar kwas amfani a wannan mataki. Fitarka daga ƙarƙashin dokar ƙwadago kuwa ba ta buɗe maka ƙofar aikin gashin kanka ba, domin dokar zama a ƙasa tana nan a kanka.

Wata dabarar da za a kawo maka, idan ma ba a riga an kawo ba, ita ce wani ɗan ƙasa ya buɗe rajistar kasuwanci da sunansa, kai ka zuba kuɗi ka gudanar da wurin, kana ba shi wani abu duk wata. Wannan shi ne tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, ga rufe wurin da korar baƙon. Ban da hukuncin ma, duk abin da ka tara, dawaki da sirada da kuɗin da ke banki, a takarda na wancan mutumin ne, kuma ranar da kuka saɓa ba ka da bakin kai ƙara. Baƙon da yake son mallakar makaranta da sunansa, hanyarsa ita ce rajistar mai zuba jari a Ma'aikatar Zuba Jari, kuma wannan magana ce ta masu jari mai kauri, ba ta ni da kai ba a yanzu.

Izini na biyu na wuri ne. Tun da aka mayar da Hukumar Wasanni ta zama Ma'aikatar Wasanni a watan Fabrairun 2020, ita ce take ba da lasisin kulob-kulob masu zaman kansu da makarantun wasanni da cibiyoyin motsa jiki, kuma a 2021 ta buɗe dandalin intanet mai suna Nafes domin neman waɗannan lasisai. Makarantar hawa tana buƙatar rajistar kasuwanci daga Ma'aikatar Kasuwanci, da lasisin baladiyya, wato hukumar gari, wanda ake nema ta dandalin Balady, da amincewar hukumar tsaron farar hula, wato Difa'ul Madani, game da kariya daga gobara, abin da ba wasa ba ne a wurin da ake jibge busasshiyar ciyawa. Lafiyar dawakin da walwalarsu kuma suna ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma. Ba kai za ka nemi waɗannan ba, mai wurin ne, amma ya zama wajibi ka tambaya ka gani da idonka kafin ka karɓi aiki, domin malamin da yake koyarwa a wurin da ba shi da lasisi, ko takardunsa sun cika jaka, ranar da aka zo rufe wurin da shi za a haɗa. Istirahar maigidanka, komai kyan filinta, wurin hutawar iyali ce, ba makaranta ba.

Sai na uku, wato shaidar ƙwarewa, kuma a nan ake yawan cuɗa abubuwa, domin kalmar mudarrib, wato mai horarwa, tana ɗaukar ma'ana biyu. Mai horar da dawakin tsere lasisinsa yana hannun Kulob ɗin Tseren Dawaki na Saudiyya, wanda aka kafa a 1965, mai gudanar da filin Sarki Abdul'aziz da ke Janadriyya da filin Sarki Khalid da ke Ɗa'if, kuma shi ne yake shirya Kofin Saudiyya da aka fara a 2020 da kyautar dala miliyan 20. Wannan duniya ce daban, doki ake horarwa a can. Mai koyar da mutane hawa, da tsallaken shinge, da tafiyar dogon zango, da tsire turaku da mashi, lamarinsa yana wurin Tarayyar Wasannin Dawaki ta Saudiyya, wato Ittihadul Furusiyya, wadda aka kafa a 1990. Ita ce take rajistar mahaya da dawakin gasa, take shirya kwasa-kwasan masu horarwa da alƙalai, kuma ita ce wakiliyar ƙasar a tarayyar duniya ta FEI, wadda aka kafa a 1921, mai mazauni a Lozan ta Suwizalan. FEI tana da kwasa-kwasan masu horarwa mataki-mataki, amma ba ta karɓar mutum kai tsaye, sai ta hannun tarayyar ƙasar da yake. Ma'aikatar Wasanni kuma tana da cibiyar horar da jagororin wasanni, Ma'ahad I'idadil Ƙada, a Riyad, inda ake ba da kwasa-kwasan masu horarwa a fannoni daban-daban. Cibiyar Sarki Abdul'aziz ta Dawakin Larabawa da ke Dirab, wadda wasu suke zaton can ake zuwa, aikinta rajistar asalin dawaki ne da kiyaye irinsu, ba ta ba malami shaida.

Idan ka kwatanta da wasu ƙasashe za ka fi gane inda Saudiyya ta tsaya. A Faransa mutum ne doka ta kama: ba wanda zai koyar da wasa don kuɗi sai da difloma da gwamnati ta amince da ita, irin wadda suke kira BPJEPS, da katin sana'a da ake sabuntawa duk shekara 5, kuma wanda ya koyar ba tare da ita ba yana fuskantar ɗaurin shekara 1 da tarar yuro 15,000. A Ingila wuri ne doka ta kama: ƙaramar hukuma ce take ba makarantar hawa lasisi a ƙarƙashin ƙa'idojin 2018, waɗanda suka gaji dokokin 1964 da 1970, sai likitan dabbobi ya duba, sai an nuna inshora, kuma an hana ɗora ɗalibi a kan dokin da bai kai shekara 3 ba ko goɗiya mai tsohon ciki. Takardun malamai kuwa ƙungiya ce take bayarwa, Ƙungiyar Dawaki ta Birtaniya da aka kafa a 1947, wadda ake kira BHS. A Amurka galibin jihohi ba sa neman komai daga malamin hawa, amma jihar Masacusets ta fita daban, domin a can sai mutum ya kai shekara 18, ya yi almajirci na wata 6 a ƙarƙashin malami mai lasisi, da sa'o'i 60 na koyarwa a gabansa, sannan ya ci jarrabawar rubutu. Tsarin Saudiyya ya fi kama da na Ingila ta fuskar cewa wurin ne yake ɗauke da lasisin hukuma, malami kuma ta ƙofar wurin yake shiga da takardunsa, sai dai an ƙara mana iƙama a sama. Shi ya sa za ka ga makarantu a Riyad da Jidda suna daraja takardar BHS ko ta Faransa ko ta Jamus wajen ɗaukar aiki, amma ba ɗaya daga cikinsu da take maye gurbin izinin aiki.

Yanzu bari mu zo kan ƙwarewarka ta gida, domin a nan na fi son in daɗe. Ba na raina ta ko kaɗan. Wanda ya tashi a barga, ya san doki mai ciwo tun daga tsayuwarsa, ya iya shiga tsakanin ingarmu biyu da suke neman faɗa, ya riƙe doki a cikin ƙarar bindigogi da tambura ranar hawa, yana da abin da ba a samu a kwas na mako ɗaya. Hawan sallar Kano ma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamban 2024. Amma ba wata takarda da take fita daga hawan salla wadda ma'aikacin ofis zai iya sakawa a kwamfuta, sannan iya hawa daban, iya koyarwa daban.

Ni ma da wannan alfahari na zo. Ranar da aka fara gwada ni, an ba ni yara uku da dawakai uku masu sanyin hali a fili mai rairayi, mai gwajin kuma ya tsaya a gefe da takarda a hannu. Ina ganin yaran suna riƙe da linzami kamar masu jan guga, sai na karɓi dokin ɗaya daga cikinsu na haye, na sake shi da sukuwa har ƙarshen fili, na ja shi ya yi zamiya, na juyo ina jiran yabo. Mutumin ya bari na iso gabansa, ya ce in sauka, ya tambaye ni wa ya kula da sauran yara biyun a lokacin da na juya musu baya. Na waiwaya, ashe dokin ƙaramar cikinsu ya sunkuya yana shinshinar ƙasa, ya fizge linzamin daga hannunta, tana rungume da wuyansa tana kuka a hankali. Sannan ya sa yatsa a ƙarƙashin majayin dokin na uku, ya nuna mini yadda ya yi sako-sako, domin ban sake dubawa ba bayan an ɗaura. Ban ci wannan gwaji ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ake aunawa ke nan. Ana so a ga malami ya duba kayan doki kafin yaro ya hau, ya kuma sake ɗaure majayi bayan 'yan mintoci, domin doki yakan kumbura ciki lokacin ɗauri ya sassauta daga baya. Ana so a ga ya auna tsawon likkafa da hannun yaron, daga kan yatsu zuwa hammata, ya tabbatar takalminsa mai dunduniya ne yadda ƙafa ba za ta zurma cikin likkafar ba, domin likkafar makaranta siririya ce, ba irin tamu mai faɗi da take ɗaukar tafin ƙafa gaba ɗaya ba. Sirdinmu mai tudu gaba da baya yana riƙe mahayi kamar kujera, na makaranta kuwa shimfiɗaɗɗe ne, saboda haka sai yaro ya koyi zama da daidaiton jikinsa, abin da ake fara koya masa a kan doguwar igiya, malami yana tsakiya doki yana zagaya shi, kafin a ba shi linzami. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da kaifi, mahayi ƙwararre da ɗan yatsa yake sarrafa shi, amma idan ka damƙa shi a hannun yaron da tsoro zai sa ya ja da ƙarfinsa, bakin doki zai fashe, ko dokin ya yi tsaye da ƙafa biyu. Ƙaimi da bulala ma ba kayan mai koyo ba ne. Ana kuma so a ga tazarar tsawon doki ɗaya tsakanin mahayi da mahayi, a ga malami yana tsaye inda idonsa yake kan kowa, yana magana da murya mai kaiwa ba tare da tsawa ba, da Larabcin da yaro zai gane, domin umarnin da ya makara da daƙiƙa biyu ba shi da amfani.

Hular kwano ba a sasantawa a kanta. FEI ta wajabta ta ga duk wanda yake bisa doki a wuraren gasarta tun daga 1 ga Janairun 2021, kuma makarantar kirki ba ta barin kowa ya hau ba tare da ita ba, ko da uban yaro ya ce ghutra, wato ƙyallen da Larabawa suke yafawa a ka, ta fi kyau a hoto. Hular da aka faɗi da ita ta bugi ƙasa kuma ta gama aiki, ko ba a ga tsaga ba. Takardar taimakon gaggawa ita ce mafi sauƙin samu a cikin duk abin da na lissafa, hukumar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar tana koyarwa, kuma ina ba ka shawara ka fara da ita. A gida idan yaro ya faɗo mukan ce namiji ne, a ɗaga shi a mayar da shi kan sirdi don kada tsoro ya shige shi. A nan wannan kuskure ne babba. Sai ka tsayar da sauran dawakai, ka hana yaron motsi idan yana kukan wuya ko baya, ka kira 997 ko 911, ka kuma lura da amai ko jiri ko rikicewar magana, waɗanda alamun buguwar ƙwaƙwalwa ne, sannan ka rubuta abin da ya faru da lokacinsa ka sanar da iyaye. Tunda kuma da yara za ka yi aiki, ka sani akwai dokar kare yara ta 2014 da dokar hana cin zarafi ta fuskar lalata ta 2018, don haka duka da zagi, irin waɗanda wasunmu suka sha a hannun manya a barga, ba su da wuri, kuma kada ka keɓe da ɗan wani inda ba a ganinku.

Dokin makaranta shi ma yana da haƙƙi da doka ta kare, domin Saudiyya ta amince da dokar tausaya wa dabbobi ta ƙasashen Majalisar Haɗin Kan Yankin Tekun Fasha a 2013, wadda ta hana ɗora wa dabba aikin da ya fi ƙarfinta ko sa ta aiki tana ciwo. A zafin Riyad wannan yana nufin darasi bayan asuba ko bayan faɗuwar rana, kuma ko ma'aikata an hana sa su aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Babban doki yakan sha lita arba'in ko fiye a ranar zafi. Cimar nan sha'ir ce da barsim, wata ciyawa da ake shukawa don dabbobi, da busasshiyar ciyawa, ba dawa da dusa da harawar da ka saba ba, kuma zuba wa doki abinci a kan rairayi yana tara masa yashi a hanji har ya kawo murɗawar ciki. Mai gwaji yakan tambayi irin waɗannan, ya tambayi allurar rigakafin murar dawaki, ya ce ka nuna masa inda ake jin bugun jini.

Dalilin da ya sa nake tsanantawa shi ne abin da yake biyo bayan haɗari. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa mai kora dabba da mai jan ta da mahayinta su ne masu lamunin abin da ta taka. Dokar mu'amalolin farar hula da ta fara aiki a Saudiyya a ƙarshen 2023 ita ma ta ɗora wa mai tsaron dabba biyan ɓarnar da ta yi. Diyyar kisan kuskure a ƙasar nan riyal 300,000 ce tun 2011, ban da diyyar gaɓoɓi da kuɗin asibiti. Malamin da yake aiki a makaranta mai lasisi yana da wurin da yake tsaya masa, da kwantiragi, da inshorar lafiya, da rajistar hukumar inshorar ma'aikata ta GOSI da take ɗaukar raunin da ya samu a bakin aiki. Kai kuwa a istiraha, idan yaro ya karye, abokin maigidan da yake yi maka dariya yau shi ne zai tsaya a gaban ɗan sanda, tambayar farko kuma ita ce wa ya ba ka izinin koyarwa. Takardar da wasu suke sa iyaye su sa wa hannu cewa sun yafe duk abin da ya faru ba ta wanke sakaci.

'Yan'uwanmu Hausawan Makka da Madina da Jidda waɗanda suke da takardar zama ɗan ƙasa, su matakin farko bai shafe su ba, suna iya buɗe rajistar kasuwanci su nemi lasisin makaranta da sunansu, kuma ina mamakin yadda kaɗan ne daga cikinsu suka waiwayi wannan fage. Kasuwar tana da faɗi, domin iyaye suna riƙe da maganar da ake jinginawa ga Sayyidina Umar ta koya wa yara iyo da harbi da hawan doki, ga kuma sha'awar da nasarori suka haifar, tun daga tagullar Khalid Al-Id a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, da tagullar tawagar ƙasar a Landan a 2012, har zuwa gasar ƙarshe ta kofin duniya ta tsallaken shinge da aka yi a Riyad a 2024. Mata ma sun shigo sosai tun bayan da Dalma Malhas ta ci tagulla a Olamfik ta matasa a Singafo a 2010, kuma iyalai da yawa sun fi son malama ta koyar da 'ya'yansu mata. Wanda aka haifa a nan amma yake zaune da iƙama, hukuncinsa ɗaya da naka.

Abin da zan ce ka yi a wannan mako shi ne ka dakatar da karɓar kuɗin, ka zauna da maigidanka ka bayyana masa dalili cikin ladabi, ka roƙe shi ya taimaka maka wajen komawa wata makaranta mai lasisi, ko da a matsayin mai kula da dawaki ko mataimakin malami za ka fara. Daga can ne makarantar za ta iya tura sunanka idan tarayya ta buɗe kwas, ita ce kuma za ta nemi canza sana'ar da ke iƙamarka. Ka rubuta wa bargar da ka yi wa aiki a gida su ba ka takardar shaidar shekarun da ka yi, a fassara ta zuwa Larabci a ofishin fassara mai izini, a tantance ta a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja da ofishin jakadancin Saudiyya. Ka sayi littafi kana rubuta kowane darasi da ka taimaka a ciki, da kwanan wata da sunan dokin da abin da aka koyar, malamin da kake ƙarƙashinsa yana sa hannu. Sharuɗɗa da kuɗaɗen rajista ana sabunta su lokaci zuwa lokaci, don haka ka karanta su a shafin tarayyar da dandalin Nafes da kanka ranar da za ka nema, kada ka biya wani mu'aƙƙib, wato dillalin takardu, da ya ce zai fito maka da takardar malami ba tare da ka zauna kwas ba. Yaran da suka saba da kai kuwa, ka faɗa wa iyayensu sunan makarantar da ka koma, su kai su can su yi rajista.